Asalin Tashoshin Jirgin Ƙasa a Zamfara, da Yadda Dogo Ya Tsaya Bai Iso Mafara Ba

Ba a taɓa shimfiɗa layin dogo a ƙasar Maradun ba. Haka Bakura, haka Talata Mafara. Mutumin Damaga, a ƙasar Maradun, bai saba kwana da kukan jirgi a kunnensa ba, sai fa in tafiya ta kai shi Gusau ko Ƙaura Namoda. Duk da haka, an yi kusan shekara hamsin abin da zai shuka a gonarsa, da kuɗin da zai biya haraji, da goron da zai kai gaisuwar surukai, duk suna rataye a kan waɗannan tashoshi biyu da 'yan ƙanana da ke jere tsakaninsu da Zariya. To, ga yadda aka yi aka same su.

Kafin zuwan Turawa, kayan ƙasar nan a kan jaki da raƙumi da takarkari suke tafiya, wani kuma a ka. Fatake su haɗa ayari, madugu ya shige gaba, a nufi Gwanja neman goro, ko a gangaro da gishiri da kanwa daga arewa. In rana ta yi sanyi sai a sauka a zango. Ba kuwa ko'ina ake yin zango ba, sai inda akwai ruwa, da ciyawar dabbobi, da gari kusa inda za a sayi fura. Ka riƙe maganar ruwan nan, za mu komo kanta, don shi ma jirgin da ya kashe ayari bai tsira daga ƙishirwa ba.

A Ingila aka fara jirgin ƙasa. A 1825 aka buɗe layi tsakanin garuruwan Stockton da Darlington, galibi don ɗaukar kwal. A 1830 aka buɗe na Libaful zuwa Manchesta, wanda ke ɗaukar mutane da kaya a kan lokaci tsayayye. Libaful bakin teku ce, inda jiragen ruwa ke sauke auduga daga Amurka. Manchesta kuwa da garuruwan da ke kewaye da ita nan masaƙu suke. Ka ga tun ran gini aka yi zane: auduga na cikin abin da ya sa aka yi wancan layin, ita ce kuma, bayan kusan shekara ɗari, ta jawo dogo har cikin Zamfara.

Masu masaƙun Ingila ba su ji daɗin dogaro da audugar Amurka kaɗai ba, don sun taɓa shan wuya lokacin yaƙin basasar can, a shekarun 1860, da auduga ta yanke musu, masaƙu suka tsaya. A 1902 suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a ƙasashen da Ingila ke mallaka, wadda ake kira BCGA. A shekara mai bi, 1903, Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa. 'Yan ƙungiyar suka dubi ƙasar Hausa, suka ga mutane ne da suka gaji noman auduga da kaɗi da saƙa da rini tun kaka da kakanni, suka ce ai ga abin da muke nema. Saura hanyar fitar da ita.

A lokacin an riga an soma dogo daga Ikko, ya kai Ibadan a 1901. A Arewa kuwa ba komai sai wani ɗan siririn layi da Gwamna Lugga ya sa aka yi kusa da Zungeru, don ɗauko kayan gwamnati daga bakin kogin Kaduna. A 1907 aka kawo wani Bature mutumin Kanada, Percy Girouard, ya gaji Lugga. Shi injiniyan dogo ne, ya yi irin wannan aiki a Sudan. A zamaninsa aka soma layi daga Baro, a bakin Kwara, aka bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ya shiga Kano a 1911. A 1912 aka haɗe shi da na Ikko a Minna. Kafin a gama gadar Jebba, a jirgin ruwa ake ɗora taragu a ƙetarar da su Kwara.

Ba injuna suka yi wannan aiki ba, ƙarfin talakawa ne. A aika wa sarki yawan mutanen da ake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, dagaci ya bi gida-gida. Mutum ya bar gonarsa ya tafi aikin diga, yana sara, yana ɗaukar ƙasa a kwando, helima na tsaye a kansa. Ana biya, amma ba mai tambayarka ko kana so. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda aikin ya ratsa ƙasarsa yana kan gado, ya yi waƙa a kansa, ita ce ake kira Waƙar Diga, har yanzu ana karanta ta a makarantu.

Da jirgi ya isa Kano sai aka yi abin dariya. Turawa sun shirya karɓar auduga, manoman Kano suka kawo musu gyaɗa. Manomi ya yi lissafinsa: masaƙan gida suna sayen audugarsa da tsada fiye da yadda Bature zai saya, gyaɗa kuwa kuɗinta ya tashi, in kuma kasuwa ta faɗi a ci ta a gida. Daga 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano, daga nan dalar gyaɗa ta samo asali, da arzikin attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Masu neman auduga sai suka karkata ga inda ƙasa ta fi karɓarta, wato arewacin Zazzau, da kudancin Katsina, da gabashin lardin Sakkwato. Don wannan yanki aka yanko reshe daga Zariya, aka bi da shi ta Funtuwa, ya shiga Gusau, ya ƙarasa Ƙaura Namoda a 1929, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari. Tsawonsa ya haura kilomita 200.

A nan ya tsaya. A shekarar nan ta 1929 kasuwannin duniya suka karye, kuɗin gyaɗa da na auduga suka faɗi warwas, aljihun gwamnati ya bushe. An samu an ƙarasa reshen Kano zuwa Nguru a 1930, daga nan ba a sake shimfiɗa wani dogon layi a Nijeriya ba sai 1958, da aka soma na Borno, wanda ya kai Maiduguri a 1964. Sakkwato, birnin Shehu, ta zauna ba jirgi, har yau kuwa ba ta da shi. Da an miƙa layin daga Gusau zuwa can, hanyar da ta fi kusa ita ce kwarin gulbin Sakkwato, ta Bunguɗu da Maru da Mafara, inda titin mota ya bi daga baya. Amma masu dogo ba girman gari suke dubawa ba, ba kuma tarihinsa ba. Tan nawa za a loda, shi ne tambayarsu.

To, manyan tashoshi ka ji dalilinsu. Ƙananan fa, waɗanda ke tsakiyar daji, wata ko gari babu kusa da ita, me ya kawo su? Abu uku ne.

Na farko ruwa. Kan jirgi na wancan zamani da tururi yake aiki. A zuba kwal a wuta, wuta ta tafasa ruwan tukunya, tururi ya tura ƙarafan da ke juya ƙafafu. Kwal ɗin daga Inugu ake kawo shi, kuma wanda aka loda yakan kai nesa. Ruwa ne ba ya jimawa. Dole bayan 'yar tafiya a tsaya a sha. Shi ya sa injiniyoyi suka riƙa neman rafi, ko fadama, ko inda za a haƙa rijiya mai ƙarfi, kamar dai yadda madugu ke zaɓen zango. A kafa babban tankin ƙarfe a kan dogayen ƙafafu, a ajiye mai famfo yana cika shi. Jirgi ya zo ya tsaya daidai bututu, mai zuba kwal ya hau saman ya jawo bakin, ruwa ya kwarara, a wuce.

Na biyu shi ne layin ɗaya ne tak. Mai zuwa Ƙaura da mai komawa Zariya kan ƙarfe guda suke bi. In ba a yi dabara ba, wata rana sai a yi karo. Sai aka riƙa yin wurin kaucewa, inda layi ke rabuwa biyu na ɗan tsawo sannan ya sake haɗewa, ɗaya ya raɓe ya jira, ɗaya ya wuce. Duk inda aka yi wannan kuwa sai an ajiye mutum, da waya, da sigina, da mai juya layi. Ga tasha ta samu.

Yadda suke hana karon abin a tsaya a duba ne. A ofishin shugaban tasha akwai wata na'urar ƙarfe mai riƙe da sanduna, an haɗa ta da waya da 'yar'uwarta da ke tasha ta gaba. Jirgi ba ya shiga tsakanin tashoshin nan biyu sai direba na riƙe da sanda ɗaya a hannu. In jirgi zai tashi, shugaban tasha ya buga ƙararrawar waya, na can ya amsa ya sakar masa, sannan na'urar ta yarda a zare sanda guda. Da an zare ta, duka na'urorin biyu sun kulle, ba mai iya fitar da wata sai an mayar da waccan cikin ɗaya daga cikinsu. A sa sandar a jakar fata mai babban zobe, shugaban tasha ya fito bakin layi da tutarsa, ya miƙa, direba ya zura hannu ya karɓa, ya ba da wadda ya zo da ita. Da dare fitila ce a madadin tuta, ja tsaya, kore wuce. Mutumin da ke cikin tarago yana gyangyaɗi bai san ransa na rataye a kan wannan 'yar sanda ba.

Na uku gyaran layi. Damina na cin ƙasar da ke ƙarƙashin dogo, zafin bazara na sa ƙarfe ya miƙe, ƙusoshi na kwancewa. Gara kuwa ba ta barin katako, shi ya sa a wurare da yawa ƙarfe aka shimfiɗa a ƙarƙashin layin a maimakon itace. An raba layin gunduwa-gunduwa, kowace da ƙungiyar leburorinta da helimansu. Da sassafe mutum ɗaya zai bi rabonsa a ƙasa, da guduma a kafaɗa, yana ƙwanƙwasa yana saurare. Su ma sai an yi musu ɗakuna kusa da ruwa.

Ginin ƙaramar tasha ba shi da yawa. Ɗaki biyu ko uku na dutse ko bulo, rufin kwano mai faɗin baranda, da allo mai sunan wurin. Akwai 'yar taga inda akawu ke sayar da tikiti, ɗan guntun kwali mai kauri da ake buga wa kwanan wata. Akwai sikeli, da rumfar ajiye kaya, da agogo. Agogon nan ba ƙaramin baƙo ba ne. Mutanen da lokacinsu hantsi ne da azahar da la'asar sakaliya, sai ga abin da ake cewa zai zo ƙarfe kaza da minti kaza. Ko da yake, a faɗi gaskiya, jirgin Ƙaura ya koya wa mutane jira fiye da yadda ya koya musu cika alkawari.

Ma'aikatan farko galibi baƙi ne, Yarabawa da Ibo da Nufawa da wasunsu, don su suka riga shiga makarantar boko da koyon aikin waya. Leburanci da dako aka bar wa 'yan ƙasa. Baƙin suka zo da iyalansu, da cocinsu, da abincinsu. Inda suka yi yawa aka yi Sabon Gari, kamar na Gusau. Ƙungiyarsu na da ƙarfi ainun. A yajin aikin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu na reluwe ya yi fice a cikinsa, an fi wata guda al'amuran jirgi na tsaye. A rikicin 1966 kuma da yawa daga cikinsu suka koma gida, tashoshin Arewa suka rasa ƙwararrun hannaye a dare ɗaya.

Inda jirgi ke tsayawa kuwa, ko na minti goma ne, kasuwa ta ci. 'Yan mata da ƙwaryar fura, masu dafaffen ƙwai, masu rake da rogo da tsire, kowa na bin tagogi yana ɗaga kayansa. A karɓi kaya ta taga, a jefo kwabo ta taga. Wani sa'in jirgi ya motsa ba a ba da canji ba, wani sa'in kuma ƙwaryar ce ke tafiya Zariya. Mai shayi ya kafa tebur, mahauci ya rataye nama, malami ya buɗe makarantar allo, sannu a hankali sai ga unguwa.

Yanzu mu koma Damaga mu ga ta inda abin ya shafe ta. Bature ya ce haraji da kuɗinsa za a biya, sule da kwabo, an daina karɓar wuri. Gero da dawa na rumbu ne. Don haka dole magidanci ya ware wani yanki na gona ya sa kaɗa ko gyaɗa. Irin kaɗar ma sabo aka kawo daga Amurka, ana raba angurya ta hannun hakimai da dagatai. In kaka ta yi, a tsince ta, a cusa a buhu, a ɗora wa jaki sai fuloti, inda ake sayenta. A can malamin auduga zai zura hannu ya duba, ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu. A ɗora a sikeli, akawun kamfani ya faɗi nauyi, manomi kuwa ba ya karanta sikeli, abin da aka ce masa shi ke nan. Daga fuloti a kai ta gidan gurza, na Mayanci ko na Gusau, a raba ta da angurya, a matse ta dami-dami a ɗaure da ƙarfe, sai tarago, sai Ikko, sai Libaful. Gyaɗa kuma Ƙaura ce babbar matattararta a wannan yanki, ana kawo ta a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci, a tara buhuna a filin tasha suna jiran taragu.

Taragun ba sa dawowa wayam. Su suke kawo atamfa da akoko, da kananzir, da gishirin Turawa, da langa da tasoshi, da kwanon rufi. Kamfanoni irin su UAC da John Holt da GBO suka kafa kantuna kusa da tashar Gusau, har yau ana kiran wajen Kanti. Dillalai su saro, 'yan koli su kai kasuwar Talata ta Mafara da sauran kasuwannin ƙauye. Wani abin takaici a nan shi ne, kaɗar da aka saya da arha a hannun manomi ita ce ke komowa a matsayin yadi, tana kashe kasuwar masaƙin garinsu. Goro ma ya sake hanya. Maimakon watanni a hanyar Gwanja, sai ga shi daga Shagamu da Agege cikin kwanaki, ɗanye shar. Shanu suka riƙa tafiya Kudu a tarago. Matasa kuma, da an gama girbi, su taka zuwa Gusau ko Ƙaura su hau jirgi su tafi cin rani, su komo gab da shuka da kuɗin haraji da na aure.

Tasha ta ɗaga wasu garuruwa, ta bar wasu a baya. Funtuwa ta tashi daga ƙaramin gari ta zama cibiyar auduga. Gusau, wadda Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa zamanin jihadi, ta zama babbar kasuwar lardin Sakkwato. Saboda nauyin da ta yi, a 1938 aka turo Sardauna Ahmadu Bello ya zauna can yana duba gundumomin gabas. A shekarun 1960 aka kafa masaƙa a garin. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, Gusau aka ba hedikwata, ba Anka ba, inda Sarkin Zamfara yake. A ganina, in ana lissafa waɗanda suka yanke wannan hukunci, a sa da injiniyoyin da suka auna layi shekara saba'in kafin nan.

Mutuwar ƙananan tashoshi ba rana ɗaya ta zo ba. A 1955 aka mai da reluwe hukuma mai cin gashin kanta, a wajen lokacin kuma aka soma shigo da kan jirgi mai shan gas. Shi ba ruwansa da tanki, saboda haka dalili na farko ya faɗi. Aka shimfiɗa kwalta, manyan motoci suka yawaita, ga shi mota har ƙofar rumbu take zuwa, jirgi kuwa sai ka kai masa. Sannan fari na 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya ta ƙarasa abin da ya rage. Kuɗin man fetur ya sa gwamnati ta daina kallon buhun gyaɗa a matsayin abin da ke riƙe da ita. An ɗauko ƙwararru daga Indiya a 1979 su gyara tafiyar da hukumar, suka yi shekara uku, abin ya ɗan farfaɗo, suna tafiya ya koma gidan jiya. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Layin da aka yi don kaya, ranar da kaya suka ƙare ba shi da sauran mai kare shi, don tun asali ba don fasinja aka yi shi ba.

Abin lura, babban aikin da ya sauya ƙasar Maradun da Mafara da Bakura, wato madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina daga 1974 zuwa 1978, ya zo ne lokacin da jirgi ke ja da baya. An tashi dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu, rikicin diyya ya kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilu 1980. Shinkafa da albasa da tumatir da ake nomawa da ruwan madatsar, duk a mota suke fita. Ga kayan da za su cika taragu sun samu a kwarin da aka ƙi kawo wa dogo, a daidai lokacin da dogon ya daina amfani.

Ba mu kaɗai muka rufe tashoshin ƙauye ba. A Ingila kanta, rahoton Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi fiye da 2,000, aka kuwa rufe mafi yawansu. Bambancin shi ne su da takarda suka rufe nasu, aka san ranar, wasu gine-ginen aka mai da su gidajen zama ko na tarihi. Namu barinsu aka yi kawai. Kwano ya tafi, tagogi suka tafi, ciyawa ta rufe layi, masu sayen tsohon ƙarfe suka shiga kwance abin da ya saura da dare.

Sababbin layukan da ake yi yanzu masu faɗi ne, ba irin na da ba. An buɗe na Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021. A shekarar 2021 ɗin aka ƙaddamar da aikin na Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ba wanda ya taɓa ƙasar Zamfara a cikinsu. Sai dai a watan Maris 2023 an gyara tsarin mulki, an ba jihohi ikon yin dogo nasu, ba sai tarayya kaɗai ba. Kafin a kai ga wannan babban aiki, akwai ƙarami da ba ya bukatar biliyoyi: gwamnatin jiha da masarautun Gusau da Ƙaura su sa a kewaye gine-ginen tashoshin da suka rage, a hana kwashe ƙarafansu, a kuma tura ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura Namoda su zauna da tsofaffin leburorin dogo da 'yan dako su rubuta abin da suka gani, tun suna da rai.